Hedifon Mai Buɗaɗɗen Baya: Wa Ya Dace Da Shi, Kuma Wanne Za Ka Saya Da Kuɗi Kaɗan?

A bidiyon wannan makon mun jera hedifon masu buɗaɗɗen baya a kan tebur, mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akwai abubuwan da bidiyo ba zai ɗauka ba sai ya yi tsawon da zai gundure ku, musamman lissafin wutar da suke ci, da maganar lafiyar kunne, da yadda ake saye a nan Jidda ba tare da an yi wa mutum sakiyar da ba ruwa ba. Su ne na tattaro a nan.

Tun kafin mu yi nisa, ku sani wannan nau'in ba na kowa ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai wanda zai saya ya ji kamar yau ya fara sauraro a rayuwarsa, akwai kuma wanda zai saya ya jefa shi cikin durowa bayan kwana uku. Yawanci ba kamfanin da ya ƙera ne ke raba su ba, ɗakin da suke zaune ne.

Mene ne buɗaɗɗen baya?

A cikin kowane hedifon akwai 'yar lasifika, a jikinta kuma akwai tantani siriri da maganaɗisu ke kaɗawa gaba da baya, kamar fatar ganga. Idan tantanin ya turo iska wajen kunnenka, a daidai lokacin yana jan iskar da ke bayansa. Wato sauti biyu yake haifarwa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Duk rigimar a kan wannan na bayan take: ina za a kai shi?

Mai rufaffen baya yana kulle shi cikin ƙoƙo. Sautin ya bugi bangon ƙoƙon ya dawo, ya cakuɗa da na gaba. In ka taɓa sa kanka cikin randar da ba ruwa ka yi magana, ka san yadda murya ke komawa, ta yi kauri ta yi gunji. Injiniyoyi suna cusa soso da auduga a ciki don kashe wannan amsa-kuwwa, amma yin hakan da kyau yana cin kuɗi, shi ya sa rufaffun masu araha suka fi fama da matsalar.

Mai buɗaɗɗen baya kuwa raga kawai aka sa masa, sautin baya ya fice abinsa. Sai ka ji murya ta fito wasai, kamar mai maganar yana gabanka a tsakar gida, ba a cikin kwanyarka ba. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1968, samfurin HD 414, kuma har yau masu haɗa sauti a situdiyo da yawa da buɗaɗɗe suke tantance aikinsu.

To amma akwai abin da ake biya. Na farko, na kusa da kai zai ji abin da kake ji. Na biyu, kai ma za ka ji duk abin da ke faruwa a ɗakin. Na uku, bes ɗin can ƙasa, wannan da ke girgiza ƙirji, yana raguwa. Dalili shi ne sauti mai kauri yana buƙatar a tare iska a matsa ta, a nan kuwa an bar mata ƙofa. Yawancin masu araha suna fara sanyi daga wajen 60 ko 50 Hz zuwa ƙasa.

Kada kuma a haɗa su da waɗannan na zamani da ake maƙalawa a gefen kunne ba su toshe shi, irin Huawei FreeClip, ko masu tura sauti ta ƙashi irin na Shokz. Waɗancan na tafiya ne da motsa jiki. Mu muna magana ne kan mai igiya, na zama a gida.

Fara da ɗakinka, ba da kanti ba

Kafin ka buɗe Amazon, zauna a inda ka saba sauraro, ka yi shiru na minti ɗaya. Me kake ji?

A Jidda amsar yawancinmu ita ce mukayyif. In naka irin na bango ne mai injinsa a waje, ba ka da matsala. In kuwa tsohon na taga ne, wanda in kwamfiresarsa ta tashi sai gilashi ya ɗauki rawa, to ka sani gunjinsa yana zaune ne daidai inda bes ɗin hedifon ɗin yake da rauni, zai danne shi. A gida Najeriya ko Nijar kuma janareton maƙwabta ne, ko tsohuwar fanka, ko injin markaɗe a bayan katanga.

Abin ya wuce maganar daɗin sauti, lafiyar kunne ce. Buɗaɗɗen hedifon kusan ba ya tare komai na hayaniyar waje, don haka in ɗakin da ƙara, hannunka zai riƙa ƙara murya ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraro a desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. Amma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu: a 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 89 awa 5 kacal a duk makon. Ga yara ma'aunin 75 ne. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa, ba asibitin da ke mayar da su.

Mu ɗauki misali. In hayaniyar ɗakinka 45 ce, za ka ji komai tangaran a 65 ko 70, ka wuni a haka lafiya. In kuwa 70 ce saboda janareto, sai ka kai 85 kafin ka ji daɗi, kason mako guda ya ƙare maka cikin kwana biyu ko uku. Mai iPhone zai iya sauke manhajar NIOSH SLM kyauta ya auna ɗakinsa. Na Android ma akwai ire-irenta, ko da ba su kai ta daidaito ba za su ba ka haske. Gwaji mafi sauƙi kuma: hedifon na kanka, sauti na tashi, wani ya yi maka magana daga nisan taku biyu da muryarsa ta yau da kullum. In ba ka ji shi ba alhali buɗaɗɗe ne a kunnenka, ka ƙure murya, rage.

Sai ɗaya gefen, wato abin da ke fita. In ku biyu ne ko uku a ɗaki kamar yadda ɗalibai da ma'aikata da yawa suke zaune a nan, mai barci a gadon kusa zai ji sautin kamar ƙaramar rediyo a ƙarƙashin matashi. Da rana ba komai, ƙarfe biyun dare kuwa zai iya jawo ɓacin rai. Laburare da jirgi da cikin mota, ka ma manta da su.

Ga wanda ɗakinsa ke da shiru, wannan rauni shi ne ke zama riba. Za ka ji an ƙwanƙwasa ƙofa, ka ji kiran salla, ka ji Hajiya ta ƙwala maka kira daga kicin. Mai jego za ta ji motsin jaririnta tana cikin sauraron darasi. Kuma in kana magana a taron intanet za ka ji muryarka yadda take, ba za ka riƙa ɗaga ta kamar mai kiran wani a kasuwa ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Lamba uku ake rubutawa, ɗaya ba ta da amfani. Wannan "20 Hz zuwa 20,000 Hz" ko "12 zuwa 35,000" talla ce kawai, domin ba ta gaya maka ƙarfin kowane sashe. Na riyal 20 da na riyal 2,000 duk za su iya rubuta ta.

Biyun da za ka duba su ne turjiya, wadda ake aunawa da ohm, da kuma yawan ƙarar da yake bayarwa in an ba shi wuta kaɗan, wadda ake rubutawa da dB. Mutane sun fi riƙe ta farko, suna cewa in ohm kaɗan ne waya za ta iya da shi. Rabin gaskiya ke nan.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙarfin da ke shiga shi ne bolt sau bolt, a raba da ohm. 'Yar igiyar USB-C mai kyau tana ba da bolt 1. A kan ohm 32 hakan ya ba da miliwat 31, a kan ohm 120 miliwat 8, a kan ohm 300 kuwa 3 da 'yan kai. Kowane ƙarin desibel 10 yana neman wuta ninki goma. Philips SHP9500 yana ba da 101 dB da miliwat ɗaya tak. HiFiMan HE400se, wanda shi ma turjiyarsa ba ta wuce ohm 32 ba, 91 dB yake bayarwa. Ka ga ohm ɗinsu kusan ɗaya, amma na biyun yana cin wuta ninki goma kafin ya kamo na farkon. Ba wai za ka zauna kana sauraro a 100 ba ne, Allah ya kiyaye. Bugun ganga ko tashin murya yakan haura matsakaicin sauti da desibel 15 zuwa 20 na ɗan ƙiftawar ido, to wannan sararin ake nema don kada sautin ya tsage.

Wani tarko: wasu kamfanoni suna rubuta dB ɗinsu a kan miliwat ɗaya, wasu a kan bolt ɗaya. Sennheiser na cikin masu amfani da bolt. AKG K240 Studio 104 dB ne a bolt ɗaya, amma 91 ne a miliwat ɗaya, hedifon ɗaya lamba biyu. Saboda haka kada ka gwada lambar wannan kamfani da ta wancan sai ka ga abin da aka rubuta a gefenta.

Yawancin sababbin wayoyi ba su da ramin 3.5 mm, dole ka nemi 'yar igiyar USB-C mai na'urar sauti a cikinta. Tun 1 ga Janairun 2025 Saudiyya ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyin da ake sayarwa, don haka samun igiyar ba wuya. Ta Apple tana da arha kuma sautinta tsaf yake, amma iri biyu ce: ta kasuwar Amurka bolt 1, ta Turai rabin bolt, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin. A kan wasu wayoyin Android ma ba ta sakin duk muryarta. Ga Koss da Philips da Samson duk wannan ba damuwa ba ne. Ga K240 da HE400se ne za ka ji bambanci.

Gumi, nauyi da soso

Wanda ya yi watan Agusta a Jidda ya san ba zafin ne kawai ba, danshin Bahar Maliya ne da ke manne wa mutum a jiki. A nan buɗaɗɗe ya yi wa rufaffe fintinkau, don iska na ratsawa, kunne ba ya dahuwa.

Amma ka duba da me aka yi soson kunnen. Fatar roba, wadda aka fi sa wa masu araha, ba ta jure gumi da danshi. Tana tsagewa ta fara barewa, ka riƙa tsintar baƙin ɓawo a kunne da wuyan riga. Na yadi ko na karammiski ya fi sanyi kuma ya fi daɗewa, illa dai yana shan gumi da ƙura, sai ana gogewa. Tambayar da za ka yi kafin saye: ana iya cire soson a sa wani, kuma ana samunsa? Ka kuma sani canza soso yana canza sauti, wani lokaci sosai, don shi ke tsara nisan tantani da kunne.

Igiya ita ce abu na biyu da ke fara mutuwa. Wanda ake cire igiyarsa, in ta tsinke 'yan riyal kaɗan sun wadatar. Wanda aka dasa ta a jiki sai an kai wa mai gyara ya yi walda.

Nauyi kuma: ƙasa da giram 300 yawancin mutane ba sa damuwa da shi. In ya doshi 400, bayan awa biyu wuya zai ba ka labari. Mai tabarau ya kula da matsi, don hannun tabarau ne zai nutse masa a gefen kai.

Waɗanda suka cancanci kuɗinsu

Farashi a nan yana hawa da sauka kusan kowane mako, don haka zan ba ku na dala da aka saba gani, ku yi lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, kuma harajin VAT kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020. Ke nan kayan dala 100 ya kamata ya tsaya wajen riyal 430 kafin kuɗin aike. In ka ga an ninka wannan, jira ko ka duba wani wurin.

Koss KSC75, wajen dala 20. Kallon farko za ka raina shi: roba ce da 'yar ƙugiya da ake ratayawa a kunne, kamar kyautar cikin jirgi. An ce araha ba ta ado, to a nan adon kawai aka rasa. Ohm 60 ne, bai kai giram 50 ba, kuma yadda yake fito da muryar mutum ya kunyata waɗanda suka ninka shi kuɗi sau uku. Ga mai sauraron labarai, darussa, tafsiri da karatu, da wuya ka samu kamarsa a wannan kuɗin. Rauninsa: bes ɗin ƙasa babu, igiyar siririya ce kuma a dashe, soson yana ruɓewa, sai dai canjinsa ba tsada. 'Yan'uwansa biyu su ne Porta Pro, wanda ake ƙerawa tun 1984 kusan ba a canza masa kama ba, mai sauti mai ɗumi da kauri, da KPH30i mai makirufo a jikin igiya.

Samson SR850 da Superlux HD681, wajen dala 30 zuwa 50. Rabi buɗe suke rabi rufe, ohm 32, lasifikarsu milimita 50, suna rufe kunne gaba ɗaya. Bes ɗinsu ya fi na Koss nisa, fili kuma da faɗi. Matsalarsu kaifi: siririn sautin ya yi yawa, haruffa irin "s" da "sh" da "ts" suna tsira kamar allura, musamman a HD681. Wani zai ce fayyacewa ce, wani bayan rabin awa kansa ya fara sarawa. Igiyarsu ba ta cirewa. In za ka ɗauki SR850, nemi mai soson karammiski.

Philips SHP9500, wajen dala 70 zuwa 80. In aboki ya ce mini in zaɓa masa guda ɗaya kada in cika shi da surutu, wannan zan ce. Buɗaɗɗe ne sosai, ohm 32, kowace waya za ta tashe shi. Ba ya matse kai, soson na yadi ne mai faɗi, igiyarsa ta 3.5 mm ce gama-gari wadda za ka samu a kowane shagon waya. Wannan ramin ne ma ya sa masu wasan kwamfuta suke ƙaunarsa, don ana jona masa makirufo irin V-MODA BoomPro ya zama na magana. Rauninsa: bes ɗin ƙasa da sauƙi, saman yana da ɗan ƙaiƙayi a wasu waƙoƙin, soson ba zurfi, mai manyan kunnuwa zai ji suna taɓa ciki. Saboda rashin matsi kuma, in ka sunkuya yana iya zamewa.

AKG K240 Studio, kusan kuɗi ɗaya da Philips. Tsatsonsa tun 1975 yake a situdiyo. Rabin buɗe ne, ohm 55, mara nauyi, igiyarsa na cirewa amma bakinta na musamman ne. Murya da kayan kiɗa masu tsirkiya suna fita da kyau a cikinsa. Yana son wuta fiye da yadda ohm ɗinsa ke nunawa, kuma soson fatar roba ne, a Jidda ka sa a ranka za ka canza.

Sennheiser HD 560S, ya fito a 2020 a kan dala 200, yanzu ana yawan samunsa ƙasa da haka. Nan ne iyakar abin da zan kira araha. Ohm 120, giram 240, soson karammiski mai cirewa. Sautinsa a miƙe yake, ba ƙari ba ragi, kuma bes ɗinsa yana sauka ƙasa fiye da duk na sama. In kana gyaran bidiyo ko haɗa sauti, shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da ka naɗa, har da wadda ba ka so ji ba. Sabonsa yana matse kai, yakan saki da amfani. Ɗan'uwansa HD 599 mai ohm 50 ya fi shi taushi da kauri, ga wanda shaƙatawa kawai yake so.

HiFiMan HE400se, tsakanin dala 110 da 150. Fasaharsa daban ce: tantani ne shimfiɗaɗɗe mai zanen waya a jikinsa, tsakanin layukan maganaɗisu. Bes ɗinsa a tsabtace yake kuma yana nisa. Sai dai nauyinsa ya kusa giram 400, kuma ka tanadi kuɗin igiyar USB-C mai ƙarfi ko ƙaramar amfilifaya. Ba shi zan ba mai farawa ba.

Sai gargaɗi kan biyu da ake yawan yabawa. Beyerdynamic DT 990 Pro mai ohm 250 da Sennheiser HD 600 mai ohm 300 kaya ne na ƙwarai, amma sun fi son amfilifaya, kuma kuɗinsu ya fita daga wannan layin. DT 990 ɗin ma yana da kaifi a wajen 8,000 Hz da ba kowane kunne ke ɗauka ba.

Saye a Jidda

Gaskiyar magana, waɗannan ba kayan da ke cika kanta ba ne. A Jarir da eXtra abin da ya fi yawa shi ne na Bluetooth da na wasanni, amma yana da kyau ka leƙa, ko don ka ɗora manyan hedifon a kanka ka san nauyin da kake iya ɗauka. Shagunan waya na titin Falasɗinu wurin neman igiya ne da adafta. Irin su AKG da Samson kuwa, shagunan kayan kiɗa da na situdiyo suka fi ajiye su.

Yawancinmu dai a Amazon.sa ko Noon za mu ƙare. Abu uku za ka duba. Na ɗaya, wa ke sayarwa, shagon ne da kansa ko wani ɗan kasuwa ne ya kafa tebur a cikinsa? Porta Pro na cikin waɗanda aka fi buga jabunsu, don haka in farashi ya yi arhar da ta wuce hankali, bar shi. Na biyu, daga ina za a turo? Wanda ke zuwa daga waje yakan zo ba garantin wakilin kamfani na cikin ƙasa, in ya lalace kai da mai aikowa ne. Wanda aka saya ta hannun wakili a nan, garantin kayan lantarki shekara 2 ne, amma sai da fatura, don haka ka ɗauki hotonta ranar da ka karɓa. Na uku, sharaɗin mayarwa. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kaya in bai yi amfani da shi ba. Hedifon da aka buɗe aka sa a kunne kuwa, wannan ya danganta da ƙa'idar shagon, ka karanta ta kafin ka biya.

In ba sauri kake ba, jira rangwamen ƙarshen Nuwamba, ko na Ranar Ƙasa 23 ga Satumba, ko na Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu. Na hannu kuma ana samu a manhajar Haraj, kuma tunda ba batir a cikinsu, ba sa tsufa kamar na Bluetooth. Ka dai haɗu da mai shi ka gwada, ka cire kuɗin sabon soso daga farashin.

Ga mai niyyar kai wa gida tsaraba: haɗa da igiya ta biyu da soso na canji, don ba lallai ka same su da sauƙi a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ba. Lokacin hunturu a ajiye shi cikin jaka, domin ragar da ke fitar da sauti ita ce ke shigar da ƙura. In za ka sayi amfilifaya, ɗauki mai cin wuta ta USB. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Najeriya da Nijar 50, kuma taransifomar da aka yi don 60 takan yi zafi a kan 50. Mai USB kuwa ko da fawa-banki zai yi aiki ranar da aka ɗauke wuta.

Yadda za ka gwada shi

An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne alƙali. Kada ka gwada da waƙar da aka zaɓa maka a shago. Ɗauki abin da kunnenka ya haddace.

Fara da murya. Sa labaran BBC Hausa ko karatun makarancin da ka saba ji, Husari ne ko Minshawi ko Alaramma Ahmad Sulaiman. Muryar ta yi kama da ta mutum, ko ta koma ta hanci? Saurari "s" da "ts" da "sh": in suna sa ka runtse ido, saman ya yi kaifi, kuma ba sabawa za ka yi ba. Sai ka koma kan kiɗa. A faifan Mamman Shata, kana iya raba kalangu ɗaya da ɗaya, kana jin 'yan amshi a bayansa ba a kansa ba? Kuntigin Ɗan Maraya Jos zai nuna maka ko tsirkiya tana fita da zaƙinta. Daga nan sa wata sabuwar waƙa mai bes, ta Hamisu Breaker ko wani, ka ji ko abin da ya rage na bes ɗin ya ishe ka. In bai ishe ka ba, ba laifi ba ne, rufaffe ne naka.

Ka tabbata murya tana tsakiyar kai, ba ta karkata dama ko hagu ba. Ka murɗa igiya a hankali wajen bakinta ka ji ko tana ƙarƙara. Sannan ka bar shi a kai awa guda cur, don matsi da zafi ba sa bayyana a minti biyar.

In komai ya yi sai ɗan kaifi ko ƙarancin bes, akwai gyara kyauta. Manhajar Wavelet a Android da Equalizer APO a Windows suna karɓar saitin AutoEq, wanda aka auna wa ɗaruruwan samfura, har da duk waɗanda na lissafa. Yana gyara SR850 da HD681 sosai. Ka dai tuna ƙara bes yana ƙara cin wuta.

A taƙaice ga mai sauri

In murya ce yawancin abin da kake ji kuma aljihu ba nauyi, KSC75. In kana son babba mai daɗin sawa wanda waya za ta tashe shi, SHP9500. In aikin sauti kake yi ko kana son na shekaru, jira rangwame ka ɗauki HD 560S. In kuna da yawa a ɗaki, ko janareto na bayan tagarka, riƙe kuɗinka tukuna.

Ga masu irin wannan ɗakin, bidiyo na gaba naku ne in sha Allahu: rufaffu da na cusawa a kunne masu araha, za mu gwada su a gaban mukayyif na taga yana aiki. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan na yau, musamman wanda ya yi shekara da shi a Jidda ko a gida, ya gaya mana yadda soson da igiyar suka ƙare, don wannan ne abin da gwajin mako guda ba ya nunawa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.